KASHI NA 23: Jitar bes ɗinka ba mutuwa ta yi ba, hunturu ne ya taɓa ta

Ga rubutun shirin wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bar su sun saurara ba.

Na san mun saba zama a nan muna maganar katin zaɓe da rashin aikin yi da kuɗin makaranta. Yau zan ɗan kauce, amma ba da nisa ba. Wani ƙaninmu mai sana'ar POS ya turo min saƙo, ya ce wata bakwai yana tara kuɗi zai sayi jitar bes ta hannu. Ya haɗo da hotuna uku, wai in zaɓar masa. Na ce masa: ƙanina, abin da ya kamata ka duba ba ya fitowa a hoto. Ajiye kuɗinka tukuna, bari in yi shiri guda a kai.

Na kuma san akwai masu sauraronmu da ba sa hulɗa da kiɗa saboda fahimtarsu ta addini. Ina girmama wannan, kuma muhawarar ta malamai ce, ba ita ta tara mu yau ba. Wanda abin bai shafa ba, mu haɗu mako mai zuwa, babu ɓacin rai.

To, mece ce ma jitar bes? Da yawa daga cikinmu mun sha jin ta ba mu san ita muke ji ba. Ita ce muryar nan mai kauri da ke ƙasan waƙa, wadda idan mota mai manyan lasifika ta wuce kake jin ta a ƙirjinka kafin kunnenka. Tsirkiya huɗu gare ta a bisa al'ada, ana kiransu E, A, D, G. Mafi kaurin cikinsu, wato E, tana kaɗawa sau 41 ne kacal a daƙiƙa ɗaya. Lasifikar wayarka ba ta iya fitar da wannan sautin, ta yi ƙanƙanta. Shi ya sa za ka ji yaro ya ce “ni fa ban ji abin da mai bes yake yi ba.” Sa iyafis mai kyau, ka kunna kowace waƙar Bob Marley, ka bi abin da ke tafiya a ƙasa. A mafi yawansu marigayi Aston Barrett ne wannan, wanda ake ce wa Family Man, ya rasu a 2024. Cire hannunsa daga waƙoƙin nan ka ga abin da zai rage.

Kafin 1951, mai kiɗan bes ƙaton abu yake runguma, mai kamar goge amma ya kai tsayin mutum, ga wahalar ɗauka, ga shi ganguna suna danne muryarsa. A shekarar ne Leo Fender a Amurka ya fito da wadda ya sa wa suna Precision, mai amfani da lantarki, wadda za ka rataya a kafaɗa. An yi wasu kafin tasa, amma tasa ce ta karɓu. A 1960 ya ƙara da Jazz Bass, mai siririn wuya. Har gobe yawancin abin da za ka gani a kasuwa, ko waɗannan biyun ne, ko kwaikwayonsu.

Mu a nan fiyano ta cinye komai. Tun da Yamaha ta shigo situdiyoyin Kano, mutum ɗaya ke buga ganga da bes da sarewa da yatsu goma, yanzu ma kwamfuta ta karɓe. Amma jitar bes ba ta ɓace ba. Je coci-cocin Jos da Kaduna da Sabon Garin Kano ranar Lahadi ka gani. Tsallaka Yamai ka saurari Tal National, ko ka kalli Mdou Moctar a dandamali, shi mai buga masa bes ma Ba'amurke ne, Mikey Coltun. Iyayenmu kuwa sun yi zamanin Bala Miller da cikakken ayarin makaɗansa.

Bari in ba ku labarin tawa, don a nan darasin yake.

A Filato na yi bautar ƙasa, lokacin alawus yana 33,000. Na matse cikina na wata da watanni, na sayi bes ta hannu a wajen wani mutum a Legas, aka ba direba ya kawo min tasha. Ta iso ƙarshen damina, lafiya lau, hannu na gudu a kanta kamar an shafa mai. Ina shiga watan Janairu sai abu ya canza. Tsirkiyoyin suka yi sama, sai na danna da ƙarfi kamar mai matse lemo. Gefen wuyan kuma ya fara yankar min hannu, ƙarafunan nan da ke gicciye a jikinsa, waɗanda ake ce wa firet, duk bakinsu ya leƙo waje. Na ce shi ke nan, an cuce ni. Na kira mutumin na zazzaga masa rashin mutunci, Allah ya yafe min, don ba shi da laifi ko kaɗan. Har na sa ta a kasuwa a rabin kuɗinta.

Wani abokina ne ya ja ni wajen wani dattijo mai gyaran kayan kiɗan coci. Ya karɓa, ya ɗaga ta saitin idonsa kamar maharbi, ya leƙa tsawon wuyan, sai ya yi dariya.

“Yaro, daga ina ta zo?”

Na ce, “Daga Legas, Baba.”

“To ai kai ma in aka ɗauko ka daga Legas aka ajiye a nan cikin hunturu, sai leɓenka ya tsage. Itace ne fa. Yana shan iska kamar yadda kake sha.”

Ya ɗauko ɗan makulli, ya murɗa kaɗan, ya bi bakin ƙarafunan da ƙaramin magagari. Kafin in gama shan shayin da aka kawo min, bes ta dawo yadda na san ta. Rashin sani, kaza ta kwana kan dami.

Ga abin da ya faru. Masu ƙera jita suna son danshin iska ya tsaya wajen kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. Legas ta fi haka nesa ba kusa ba, mu kuwa a tsakiyar hunturu yakan sauka ƙasa da kashi 20. Katako ya bushe ya tsuke, ƙarfe kuwa yana nan yadda yake, shi ya sa bakin firet ke fitowa. Sannan tsirkiyoyin nan huɗu, idan an ɗaure su daidai, jan da suke yi wa wuya ya kai kilo 70 zuwa 80. Buhun siminti da rabi ke nan, dare da rana. Abin da ke hana wuyan sunkuyawa wani dogon ƙarfe ne da aka binne a cikinsa, sunansa tiros rod. Yanayi ya juya, katako ya motsa, daidaiton da ke tsakanin jan tsirkiya da riƙon ƙarfen ya goce. Ba lalacewa ba ce. Dama don haka aka bar wa ƙarfen kan noti a waje, ko ta wajen kan jitar ko ta gindin wuya, don a riƙa gyarawa.

Yanzu yadda za ka auna da kanka. Ka fara saita sautin tsirkiyoyin, akwai manhajoji kyauta a waya masu yin wannan. Kar ka auna komai kafin ka yi haka, don awon zai yi maka ƙarya. Sai ka danne tsirkiyar E a firet na farko da hannun hagu, ka danne ta a firet na ƙarshe da gwiwar hannun dama ko babban yatsa. Tsirkiyar ta zama rula ke nan. Duba tazarar da ke tsakaninta da firet na 8. Abin da kamfanin Fender ke ba da shawara wajen milimita 0.3 ne, kaurin takardar firinta uku a haɗe. Katin ATM ɗinka kaurinsa milimita 0.76 ne. In ya shige ya fita bai taɓa komai ba, wuya ya sunkuya da yawa. In kuma tsirkiyar ta kwanta ɗam a kan firet babu tazara ko kaɗan, wuya ya miƙe fiye da kima ko ya gantsare baya, kuma za ka ji tana zizar ƙarfe a firet na farko-farko.

In ya sunkuya, ɗaure notin za ka yi, ka murɗa dama, yadda hannun agogo ke tafiya. In ya gantsare, ka sassauta, ka murɗa hagu. Amma don Allah ku saurare ni a nan, don a nan ake kashe jita. Rubu'in zagaye kawai, ko ma rabin haka. Ka sake saita sauti, ka ba ta lokaci, ka sake aunawa. In ka ji notin ya cije, tsaya. Kar ka ce kai namiji ne. Ba tayar mota kake ɗaurewa ba. Kuma makullin nan mai kusurwa shida, alanki, iri biyu ne: akwai na awon milimita, akwai na awon inci. Na Fender da yawa na inci ne, na Yamaha da Ibanez na milimita. Ka sa wanda “ya kusa shiga”, sau biyu sau uku ka cinye kan notin, daga nan gyaran ya fi ƙarfin aljihunka.

Sai ka gama da wuya sannan ka koma kan jaki. Masu garaya da goge sun san jaki, ɗan abin da tsirkiya ke hawa a kansa. A jikin bes ƙarfe ne, kowace tsirkiya da nata mazaunin, da ƙananan sukurori biyu na ɗagawa da saukewa. Ba tare da ka danna komai ba, auna daga saman firet na 17 zuwa ƙasan tsirkiya: wajen milimita 2.4 a ɓangaren E, milimita 2 a ɓangaren G. Katin ATM uku a haɗe ya kusa ba ka na farkon. Wannan fa mafari ne kawai, ba doka ba. Mai nauyin hannu zai so ta ɗan fi haka tsayi, mai laushin hannu zai sauke. James Jamerson, wanda ya buga bes a tarin waƙoƙin Motown, tasa a sama take sosai, da yatsa ɗaya yake bugawa, kuma ba ya canza tsirkiya sai ta tsinke. Ba wanda ya isa ya ce bai iya ba.

Akwai na uku, wanda shi ne yara suka fi tsallakewa. Ka saita E daidai, sannan ka danna ta a firet na 12. Dole manhajar ta sake nuna maka E cif. In ta haura, ka ja mazaunin tsirkiyar baya da doguwar sukurun da ke gindin jaki, tsirkiya ta ƙara tsawo. In ta gaza, ka tura shi gaba. In ba ka yi wannan ba, a ƙasan wuya kana daidai da mai fiyano, kana hawa sama sai a fara harararka, kai kuma kana rantsuwa ka saita.

Kula da ita kuwa ba wani abu ba ne mai tsada. Kar ka bar ta a but ɗin mota, kar ka jingine ta jikin taga. Da hunturu ka sa ta a jakarta, ka samu gidan sabulu ka huhhuda murfin, ka sa soso mai ɗan danshi a ciki, ka ajiye a gefe yadda ruwa ba zai taɓa katako ba. Ka goge tsirkiya da ƙyalle duk lokacin da ka gama, don guminmu da ƙurarmu su ke kashe ta. Tsofaffin makaɗa suna tafasa tsirkiya a ruwa in ta dushe. Yana aiki, na gwada, amma na ɗan lokaci ne, kuma ka busar da ita sosai kafin ka mayar. Man gyaɗa kuma na suya ne, ban da wuyan jita. Na ga wanda ya shafa.

To mu shiga kasuwa, inda ƙanin namu ya dosa.

Yawancin kayan nan ta Alaba suke shigowa, a Legas, daga nan su watsu zuwa shagunan Sabon Gari da Jos da Kaduna, sauran kuma a Jiji da Facebook. Duk inda za ka saya, in da hali ka riƙe ta a hannunka. Gani ya kori ji. Kuma tunda yanzu ka san abin da ake iya gyarawa, abin da kake nema shi ne wanda ba a iya gyarawa.

Tsirkiya ta yi sama? Ba komai, dalilin neman ragi ne ma. Tsatsa a tsirkiya, ƙarcewar fenti, maɓallin ƙara sauti yana ƙarar-ƙarar, ramin da ake soka waya yana rawa, duk ƙananan abubuwa ne, mai gyaran rediyo ma zai iya maka wasu. Amma ɗaga ta saitin idonka kamar yadda Baba ya yi, ka leƙa daga kai zuwa gindi. In gefe ɗaya na wuyan ya yi sama ɗayan ya yi ƙasa, wato ya murɗe kamar igiya, ajiye musu abarsu ko kyauta ce. Sannan ka ce mai ita ya sa makulli ya motsa tiros rod a gabanka, kaɗan dama, kaɗan hagu. In ya ƙi, ko ya ce makullin ya ɓata, ko notin yana juyawa fayau ba ya kama komai, ko an ɗaure shi ƙarshe amma wuya na nan a sunkuye, ka yi sallama. Ka duba bayan kan jitar ko akwai tsagewa a katako. Ka danna kowane firet ɗaya bayan ɗaya, duka tsirkiyoyin, ko da mai shago yana tsaki. Kuɗinka ne.

Maganar suna kuma. Wallahi na ga “Fender” a kasuwa da Fender ba ta taɓa sanin an haife ta ba. Sitika ce kawai. Ta gaske akwai lamba a jikinta: waɗanda aka ƙera a Meziko daga 2010 zuwa yau lambarsu na farawa da MX, yawancin na Amurka da US, sai lambobi biyu na shekara, kuma kamfanin yana da wurin duba lamba a shafinsa na intanet. Amma masu jabu ma sun iya kwafar lamba, don haka farashi ya fi lamba faɗin gaskiya. In aka ce maka ga Fender ta Amurka a kuɗin wayar hannu mai araha, banza ba ta kai zomo kasuwa. Ni a ra'ayina, mai farawa ya nemi Yamaha TRBX174, ko Ibanez GSR200, ko Squier, ko Cort, na gaske. Ƙaramar jita mai sunanta na gaskiya ta fi babbar ƙarya, ko a hannu ko ranar da za ka sayar. Tsirkiya huɗu ta ishe ka. Mai biyar tana da amfani, musamman a kiɗan coci, amma ka tambayi kuɗin saitin tsirkiyarta tukuna.

Amfilifaya kuwa, a nan ne abin ya wuce asarar kuɗi. Na hannu da aka kwaso daga Amurka da yawa na wutar 120 ne, tamu kuwa 230. Juya bayanta ka karanta kafin ka soka. In 120 ce kawai, sai da tiransifomar rage wuta, in ba haka ba ƙauri za ka ji. Kar ka buga bes da ƙarfi a amfilifayar ƙaramar jita, lasifikarta ba ta ɗaukar wannan nauyin. In janareta kuke amfani da shi, sa sitabilaiza a tsakani. Sannan babbar magana: in kana riƙe da tsirkiya leɓenka ya taɓa makirfo ka ji wuta ta ɗan tsikare ka, kashe komai nan take. Alama ce wayar ƙasa, wadda masu wayarin ke ce wa atin, ba ta nan ko ta katse, kuma gidajenmu da wuraren bikinmu da yawa haka suke. Tsirkiyar bes a haɗe take da wayar kayan gaba ɗaya. A 1972 wani makaɗin jita, Les Harvey, ya mutu a kan dandamali a Birtaniya gaban 'yan kallo ta wannan hanyar. Kar wani ya karya maka ƙafar filogi ta uku don ta shiga soket.

Akwai wani abu da na yi jinkirin faɗa, amma bari in faɗa. Bayan na iya ɗan gyare-gyaren nan, sai na fara saye ina sayarwa, kuma akwai rufin asiri a ciki, don masu iya saitin sun yi ƙaranci sosai a garuruwanmu. Rannan wani yaro ya kawo min Ibanez, ya ce ta mutu, ba ta magana kwata-kwata, in ba shi ko nawa ne, zai biya kuɗin jarabawa. Ina juya bayanta na ga ɗan murfin batir. Wasu bes ɗin suna da batir mai ƙarfin 9 a ciki, kuma muddin waya na soke a jikinta batirin yana ci, ko ba a bugawa. Ya bar ta a soke mako biyu. Na san haka tun kafin ya gama magana. Kuma na yi shiru. Na ba shi abin da bai kai sulusin kuɗinta ba, ya yi ta godiya. Yana fita na sa sabon batir, ta ɗauka ras.

Kwana biyu ban iya buga ta ba. Ni da nake hawa makirfo ina cewa manya suna cin gumin matasa saboda ba su san haƙƙinsu ba. A rana ta uku na kira shi.

Na ce, “Ƙanina, zo ka ga wani abu.”

Ya zo, na buɗe murfin a gabansa, na nuna masa. Ya daɗe yana kallon batirin, sannan ya ce, “Yaya, dama ka sani?”

Na ce na sani. Ya zaɓi ya bar min ita na cika masa kuɗinsa, don jarabawar na nan tafe. Yanzu in aiki ya yi min yawa shi nake tura wa, kuma hannunsa a kan magagari ya fi nawa.

Kai kuma mai POS, cikin hotunan nan uku, ta biyun ce kawai ta cancanci ka hau mota ka je ka gani. Ta farkon sitika ce, ta ukun kuma mai ita ya ɗauki hoto ta ko'ina ban da wuya. Ka tafi da wayarka da manhajar a ciki, da katin ATM, da sabon batir ɗaya a aljihu. In ka leƙa wuyan ka rasa gane abin da kake gani, ɗauki bidiyo daga kai zuwa gindi ka turo min kafin ka tura ko sisi.

Mako mai zuwa za mu koma kan maganar da muka bari ta bashin karatu. Sai mun haɗu, a huta lafiya.